Mene Ne Kiɗan Folk Metal?

Folk metal, wanda ake yawan ambata a labaran bukukuwan kiɗa na Turai, salo ne da ke haɗa metal, wato kiɗa mai rugugin jitar lantarki da ganguna, da tsofaffin waƙoƙin gargajiya. Ƙungiyar In Extremo, da aka kafa a birnin Berlin na Jamus a 1995, takan ɗauko baitoci daga Carmina Burana, kundin waƙoƙin ƙarni na 13, ta rera su da sarewa mai jakar fata, wadda ke riƙe amo guda ƙarƙashin karin waƙar, kuma wannan amon ne ke dacewa da nauyin jitar. Ta haka matasan Jamus da dama suka fara sauraren waɗannan tsofaffin waƙoƙin Latin.