Shin Ranar Kano ce Ta Hana Mu Zuwa Jamus?

Duk yammacin da Super Eagles za ta buga wasan neman gurbi, ma'aikatan da suka tashi daga masana'antun Sharada da Challawa da Bompai kan wuce gidajen kallon ƙwallo na Panshekara da Sheka, su biya kuɗin benci, janareta na ruri a waje. Wasan kuwa a Uyo ake yinsa ko a wata ƙasa. Ƙuruciyar da yawansu ta wuce ba su ga tawagar ƙasarsu tana neman gurbin gasar cin kofin duniya a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, kuma dalilin da aka saba bayarwa yana komawa ga rana guda, 18 ga Yuni, 2005.

A ranar Najeriya ta karɓi baƙuncin Angola a Kano. Jay-Jay Okocha ya fara ci da bugun tazara, Figueiredo na Angola ya farke, aka tashi kunnen doki. Da aka kammala rukunin, ƙasashen biyu na da maki 21 kowace, sai aka duba haɗuwarsu da juna, Angola ta tafi Jamus a 2006, mu muka zauna gida duk da mun fi ta zura ƙwallaye. Aka sallami koci Christian Chukwu, aka yi ca a kan shugaban hukumar ƙwallon ƙafa na lokacin, Ibrahim Galadima, wanda ɗan Kano ne. Hukuncin da ya zauna a bakin mutane shi ne zafin Kano ya gajiyar da 'yan wasan da suka saba da sanyin Turai.

A ganina an ɗora wa Kano jakar tsaba ne kawai. Kafin wasan Kano, Angola ta riga ta ci mu ɗaya da nema a Luanda a 2004, mun kuma yi kunnen doki da Gabon a Libreville da Ruwanda a Kigali. Nasara a ɗaya daga cikin waɗannan biyun ta ishe mu. Haka tsarin share fage yake, maki uku na ƙaramin wasa daidai suke da na babba, wanda ya zubar da su tun da wuri kuwa sai ya koma lissafi da yatsu.

Mai ja zai ce ai zafin gaskiya ne. Haka ne, buga wasa da rana a Yunin Kano ba ƙaramin aiki ba ne, kuma da an saka shi da dare da ya fi. Amma rana ɗaya ta doki ƙungiyoyin biyu. Ga kuma abin da ya biyo baya. A Maris 2022 a Abuja Ghana ta fitar da mu. A neman gurbin 2026, da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 Afirka ta samu kujeru tara kai tsaye, a Uyo muka yi kunnen doki da Lesotho da Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Wasanni huɗu na farko maki uku kacal suka ba mu. Koci Jose Peseiro ya fara, Finidi George ya karɓa, Eric Chelle ya ƙarasa. A Rabat, a Nuwamba 2025, 'yan wasa sun ƙaurace wa atisaye saboda bashin alawus, kwanaki kaɗan kafin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta cire mu a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Babu ranar Kano a ko ɗaya cikin waɗannan, akwai dai sauyin koci barkatai da rashin biyan hakki a kan lokaci.

Hujja ɗaya ce take da nauyi wajen hana Kano wasa, wato ƙa'idojin hukumar CAF kan ciyawa da fitilu da kujeru da ɗakunan sauya kaya, waɗanda suka sa Uyo ta zama gidan tawagar. Wannan kuwa aiki ne na kuɗi da kulawa, yana hannun gwamnatin jihar Kano. Filin da ya karɓi wasannin matasa na duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, filin da Ahmed Musa ya yi suna a cikinsa da rigar Kano Pillars, ya cancanci a gyara shi har hukumar NFF ta rasa uzurin da za ta kawo.