Amsoshin Wasiƙunku: Wasan Nan Na Harbin Gawawwaki Bayan Duniya Ta Rushe

A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, domin dukkansu daga Jihar Zamfara suka fito, kuma kan magana ɗaya suke.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sayar da hatsi a Gusau. Ya ce ɗansa ɗan shekara 15 ya mayar da shagon wasan bidiyo, wanda yara ke kira gidan gem, tamkar ɗakin kwanansa. Ran nan ya bi shi can, ya tarar da shi gaban talabijin yana yawo cikin rusasshen gari yana harbin dodanni. Yana so a bayyana masa ko wane irin wasa ne wannan. Ta biyu daga wani manomi ne a Tsafe, wanda ƙanensa ya nuna masa gawawwaki a waya suna tafiya suna cizon mutane, ya kuma ce masa wai wani ciwo ne da ke tafe. Shi ne yake tambaya ko da gaskiya cikin zancen. Ta uku kuwa wata uwa ce daga Bungudu ta sa aka rubuto mana. Tsoronta shi ne kada wannan wasa ya koya wa ɗanta son bindiga, a wayi gari ya bi 'yan daji.

To, Alhaji, bari mu fara da kai. Abu uku masu shirya irin wannan wasa ke haɗawa. Na farko labari: wai wani bala'i ya auka wa duniya, ko yaƙin nukiliya ko annoba, hukuma ta watse, kasuwa ta mutu, 'yan tsirarun da suka rage kowa ta kansa yake yi. Na biyu ban tsoro: duhu, kufai, da ƙarar abin da kake ji amma ba ka gani. Na uku harbi. Mai wasa yakan ga duniyar ne ta idon mutumin da ke cikin labarin, ko ta bayan kafaɗarsa, yana juya shi da maɓallan da ke hannunsa.

Amma kada ka ɗauka harbi ne kawai ba ƙaƙƙautawa. Gishirin wasan shi ne ƙarancin guzuri. Harsashi a ƙidaye yake, magani kaɗan ne, jaka kuma ba ta ɗaukar komai da komai. Kullum mai wasa cikin lissafi yake: in harba ne ko in lallaɓa in wuce? In ɗauki abinci ne ko bandeji? Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya yayata wannan salo da wasansa Resident Evil a 1996. A 2007 kamfanin GSC Game World na ƙasar Yukren ya fito da Stalker, inda bindiga ke tsufa har ta cije maka a tsakiyar faɗa, yunwa na kama ka, kuma sai ka riƙa jefa ɗan ƙarfe gabanka don ka gane inda mugun wuri yake kafin ka taka. A 2010 aka fito da Metro 2033, labarin mutanen birnin Mosko da suka koma zama cikin ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa bayan yaƙin nukiliya. Wannan zai ba ka sha'awa, kai da kake ɗan kasuwa: a cikinsa harsashi mai kyau shi ne kuɗi. In ka harba shi ka ƙona jarinka, in ka ɓoye shi kuma dodo ya cinye ka. Sai The Last of Us na 2013, wanda aka yi wa na'urar PlayStation. A wayar hannu ma akwai irinsu, kamar Last Day on Earth da ya fito a 2017. Su kuwa PUBG da Free Fire da samari ke yawan bugawa, 'yan uwan waɗannan ne ta wajen harbi da tsintar kaya, sai dai su gasa ce tsakanin 'yan wasa, wanda ya rage a raye shi ya ci.

Me ya sa yaro ba ya iya ajiyewa? Ka tuna lokacin da kakarka ke yi muku tatsuniyar Dodo da dare. Kuna jin tsoro, kuna matsawa jikinta, amma kuna cewa ta ƙara. To, haka wannan yake, sai dai a nan yaron ne da kansa ke gudun Dodon. Ga shi kuma an tsara wasan yadda kowane 'yan mintoci sai ya tsinci wani abu, ko ya buɗe wata ƙofa, sai ya ce bari in kai wancan gidan tukuna. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, da yawan waɗannan na waya kuwa ba su da shi. Kuma kyautar da ake cewa suna da ita ta sauke su ce kawai. A ciki ana sayar da bindiga da tufafi da guzuri da kuɗi na gaske, ban da kuɗin data, da na mai caji, da na mai shago. Don haka, Alhaji, in ka ga cinikin da ka bar wa yaro ba ya cika, ka san inda za ka fara dubawa.

Sai kai Malam na Tsafe. Amsarka a taƙaice ita ce a'a. Babu wani ciwo da ke tayar da gawa ta yi tafiya, kuma babu wani likita ko hukumar lafiya da ta ce yana tafe. Hotunan da ka gani zane ne na kwamfuta. Ita kalmar zombi da ake kiran waɗannan gawawwaki da ita, daga camfe-camfen mutanen Haiti aka aro ta, sannan wani mai shirya fim na Amurka, George Romero, ya fito da gawawwaki masu cin mutane a fim ɗinsa na 1968, saura suka bi sahu. Haka kuma rushewar duniyar da suke nunawa ba tashin alƙiyama ba ne da malamai ke karantarwa, ƙagaggen labari ne na ɓarnar da ɗan Adam ya jawo wa kansa.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Masu ƙaga labaran nan daga abubuwa na gaske suke ɗebo tsoronsu, kuma su ne ya kamata ka sani.

Na farko, a The Last of Us an ce wani irin funfuna ne ke shiga kan mutum ya haukata shi. Akwai irin wannan funfuna a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwa, amma ƙwari yake kamawa. Yakan shiga jikin tururuwa, ya sa ta bar 'yan uwanta ta hau tsiro ta ciji ganye ta mutu a nan, sannan ya tsiro ta ƙeyarta. Ba ya yi wa mutum haka.

Na biyu, batun cizo. Ciwon da ke bin cizo ya taɓa ƙwaƙwalwa yana nan, kuma kun san shi: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. In alamunsa suka riga suka bayyana, da wuya a tsira. Amma in kare ya ciji mutum aka wanke wurin nan take da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, aka garzaya asibiti aka fara allura ba tare da jinkiri ba, to ana kuɓuta. Wannan shi ne cizon da ya cancanci tsoronka.

Na uku, filin da aka gina wasan Stalker a kansa wuri ne na gaske. Ranar 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu ta tashar lantarki ta nukiliya da ke Carnobil, a Yukren, lokacin tana cikin Tarayyar Sobiyet, ta fashe. Washegari aka kwashe mutanen garin Pripyat, su kusan 49,000, aka ce su ɗauki kaya kaɗan za su dawo ba da daɗewa ba. Garin bai sake zama gari ba. Aka killace kilomita 30 ta kowace fuska, wato da a Gusau abin ya faru, da Bungudu ma ta tashi. Manoma sun bar gonaki da dabbobi saboda gubar da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Dodannin wasan ƙarya ne, haka ma fashewa ta biyu da suka ce ta auku a 2006, amma gubar gaskiya ce.

A cikin wasan, mutane na satar shiga wannan gurɓataccen wuri don su samo duwatsu masu tsada su sayar. Malam, wannan bai yi maka kama da wani abu na gida ba? A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake kawo dutsen zinariya cikin gida ana niƙawa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomi suka shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Ka ga ke nan, guba marar ganuwa ba sai an je Turai ba. A bar niƙan dutse nesa da gida, mai aikin kuma ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Yanzu sai ke Malama ta Bungudu, kuma tambayarki ta fi nauyi. Masana sun daɗe suna bincike a kan wannan. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar da ke nuna wasannin harbi su ke sa mutum aikata ta'asa, ko da yake ta ce akan ga ɗan ƙarin zafin rai ga masu yawan yin su, kamar tsawa da ture-ture. Latsa maɓalli daban, riƙe bindiga daban. Abin da ya jefa Zamfara cikin halin da ta shiga kuwa kin fi mu sani: satar shanu, rikicin gona da burtali, ramuwar gayya, kwararowar makamai, talauci da rashin adalci. Yaron da ke shiga daji, galibi mutum ne ke jan sa. Saboda haka ki fi sa ido kan su wa yake zama da su, a shagon da kuma cikin wayar, domin wasu wasannin ana hira da baƙi a cikinsu.

Amma wannan ba ya nufin wasan ba shi da illa. Su kansu Turawan da ke sayar da shi sun buga lamba 18 a jikin kwalin The Last of Us da na Stalker 2 da ya fito a 2024, wato ba na yara ba ne. Sannan akasarin masu sayensa a can, tsoro abin nishaɗi ne gare su, in sun kashe na'ura sai barci. Ku kuwa kun ga watan Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako. Yaron da ya taɓa kwana a gona don gudun hari, ko ya ji harbi na gaske, irin wannan wasa na iya tayar masa da abin da ya kwanta: firgita cikin barci, fitsarin kwance, saurin razana. In kin ga haka, a raba shi da wasan, a kai shi ga ma'aikacin lafiya. Kuma samari, don Allah, a rage ƙarar waya da dare. A ƙauyen da kowa ke kwana da kunne ɗaya, ƙarar harbi ko ta wasa ce tana iya tayar da unguwa.

Illar da ta fi yawa ita ce cin lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, amma da sharaɗi: sai mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasan kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi abin ya kai shekara guda. Kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan. Ƙasar Sin ma a 2021 ta kafa dokar cewa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai za su yi wasan intanet a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Shawararmu gare ku ku ukun ita ce, gani ya kori ji. Ku zauna kusa da yaron, ku ce ya nuna muku wasan, ya faɗi sunansa da lambar shekarun da ke kansa. In 18 ce shi kuma bai kai ba, a sauya masa da na ƙwallo ko na tseren mota. A yanka masa lokaci, bayan makaranta da aikin gona ko na shago, waya kuma ta kwana a hannun babba. Kada a bar masa katin banki. Duka da fasa waya ba sa hana shi, sai dai su koya masa ɓoyewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kuwa ya ce ai shi gwanin tattalin guzuri ne a cikin wasa, to Alhaji, ka miƙa masa mudu da littafin bashi, a ga gwanintar a kasuwa.