Yaƙin Girkawa A Farin Ƙyalle: Wa Muke Yi Wa Tafi?

Dattawan Kankiya da na Kusada da suka yi ƙuruciya tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 sun san hoto mai motsi iri biyu. Akwai majigi, watau motar gwamnati da kan sauka a filin kasuwa ko ƙofar hakimi, a kafa farin ƙyalle bayan lisha a nuna noman auduga da tsabta. Akwai kuma sinima ta kuɗi, wadda ɗan ƙauye kan gani in ya shiga birni, musamman Kano, inda aka buɗe gidan Rex tun 1937. Finafinan Indiya da na kaboyi su suka fi yawa, amma a zamanin nan ne kuma Turawa suka yi ta fitar da finafinan mazan jiya na ƙasar Girka. Yau ɗalibin sakandare a Kankiya ba ya bukatar kuɗin mota. A waya ake tura masa su.

Daga cikinsu akwai Helen of Troy da Alexander the Great, dukansu na 1956. Amma wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne The 300 Spartans na 1962, wanda Rudolph Maté ya shirya, Richard Egan ya fito a matsayin Sarki Liyonidas na Isparta. A ƙasar Girka aka ɗauke shi, gwamnatin ƙasar ta ba da aron sojojinta suka cika fili.

Labarin ya faru. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Sarkin Farisa Zaksis ya taso da runduna mai yawa zai ci Girka. Girkawa suka tare shi a Tamofili, wani matsatsi tsakanin dutse da teku, inda yawa ba ya amfani. Kwana biyu Farisawa suna afkawa ana mayar da su, sai wani ɗan ƙasa mai suna Efiyaltes ya nuna musu hanyar da ta zagaya bayan dutse. A rana ta uku Liyonidas ya sallami yawancin mutane, ya tsaya aka kashe shi.

To, sai dai lissafin da sunan fim ɗin ya bari a kan mai kallo bai cika ba. Girkawan da suka fara tsare mashigin sun kai wajen 7,000. A ranar ƙarshe ma, ban da Ispartawa 300, akwai mutanen Tesfiya 700 da na Tibis 400, ga kuma bayin Isparta da suka bi iyayengijinsu. Wannan na ƙarshe abin lura ne, domin fim ɗin ya yi ta maganar 'yanci, alhali Isparta a kan gumin bayi take zaune. Ita kuwa rundunar Farisa, wadda marubuci Hirodotus ya kai ta miliyoyi, masanan yanzu ba su kai ta ko rabin miliyan ba. An yi fim ɗin ne lokacin yaƙin cacar baki tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma masu sharhi da dama sun ga saƙonsa a fili: 'yan Yamma kaɗan masu 'yanci, taron Gabas mai bin sarki ido rufe. Da aka sake ɗauko labarin a fim ɗin 300, abin ya ƙazanta har gwamnatin Iran ta yi ƙorafi a 2007.

Ga wani abu da mai kallo na Kusada ya kamata ya duba. Duk wanda ya taɓa bin tawagar hakiminsa zuwa hawan Salla a Katsina ya san doki da lifidi da sulke da 'yan baka. Ispartawa kuwa dakaru ne, da ƙafa suke yaƙi, garkuwa na dafa garkuwa. Masu doki da kwari da baka, masu wando da riga mai hannu, su ne Farisawa. Hirodotus ma ya lissafa baƙaƙen fata daga kudancin Masar cikin rundunar. Ashe yaron da ke ihu yana murna ana zubar da abokan gāba, waɗanda suka fi kama da kakanninsa ake zubarwa, bai sani ba.

Ba a rasa labari a gida ba. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari, musamman zamanin Ɗanbaskore. Akwai ganuwa, akwai kwanton ɓauna, akwai cin amana, duk abin da mai shirya fim ke nema.

An taɓa gwadawa kuwa. Marigayi Adamu Halilu ya shirya Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya bi shi da Kanta of Kebbi a 1978, labarin sarkin da ya ɓalle daga Songai a ƙarni na 16 ya gina Surame. Amma yayin da fim ɗin Liyonidas ke yawo daga waya zuwa waya, ɗalibai ƙalilan ne suka taɓa ganin na Kanta. Shi Shehu Umar ma ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas. Jamusawa suka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.