Riƙon Ɗa da Haƙƙin Asalinsa

Tun kafin a san gidan marayu a ƙasar Hausa, kakanninmu suna da tasu hanyar ta kula da yaro, wato riƙo, wanda ba maraici kaɗai ke kawo shi ba, domin akan kai ɗan fari wurin kaka bayan yaye saboda kunyar da iyaye ke yi masa, akan kuma ba gwaggon da Allah bai nufe ta da haihuwa ba 'yar ɗan'uwanta, ta riƙe har ta kai ta ɗakin miji. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi har ta aurar da su.

Shari'a ba ta hana wannan al'ada ba, hasali ma ta kwaɗaitar da kafalar maraya, ga shi kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 6, kakansa Abdulmuɗallib ne ya karɓe shi, bayan shekara 2 kuma ya koma hannun baffansa Abu Ɗalib. Abin da ta hana shi ne a yanke yaro daga nasabarsa. Zaidu ɗan Harisa ya daɗe ana jingina shi ga Manzon Allah, har aya ta 5 ta Suratul Ahzabi ta sauka da umarnin a kira kowa da sunan ubansa. Saboda haka mai riƙo, komai yawan ɗawainiyar da ya sha, ba shi da ikon ɓoye wa yaro asalinsa, ko hana shi ziyartar mahaifiyarsa, ko taɓa dukiyarsa idan maraya ne, face ya adana ta har ya ga alamar hankali a gare shi, sannan ya miƙa masa a gaban shaidu.

Inda al'ada ta fi kauce wa fiƙihu, a ganina, shi ne wurin rabuwar aure. Mutum ya saki mace, da zarar an yaye yaro sai ya aika a karɓo shi, ya danƙa shi ga kishiyar uwa, wadda wataƙila ba ta nema ba, alhali kuwa a mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta bayyana, uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, idan kuwa uwar ta rasu ko ta auri wani, sai haƙƙin ya koma ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa, ciyarwa da tufatarwa kuma suna wuyan uba duk inda yaron yake. Da yawa daga cikin 'yan riƙon da ake gani da farantin talla tun hantsi, 'ya'yan gida suna makaranta, ta wannan ƙofa suka fito.

Sai kuma talauci. Bazawara mai 'ya'ya biyar takan raba su ga dangi hawaye na zuba, don kawai babu abin da za ta ɗora a murhu, alhali hatsin da za a ciyar da su a gidaje biyar, da an tara an kai mata, ko an ba ta jari daga zakka, da sun tashi tare, sun san juna. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali, ƙa'idojin da Majalisar ta fitar a 2009 kuma sun nuna cewa talauci shi kaɗai bai isa hujjar raba ɗa da iyayensa ba.

Wanda riƙo ya zame masa dole kuwa, ya kamata ya san cewa ɗan riƙo ba ya gadonsa ta dalilin riƙo, don haka idan yana tsoron magada su bar yaron hannu wofi bayan ransa, sai ya yi masa kyauta ya mallaka masa tun yana da lafiya, ko ya rubuta masa wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba.