Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Farin Kaya: Sauyin Aikin Tsaro da Sunayensa a Nguru da Gashuwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda Hausa ta raɗa wa jami'an tsaro suna yayin da aikinsu ya faɗaɗa daga kama mai laifi zuwa leƙen asirin cikin gida. An zaɓi Nguru da Gashuwa ne domin ƙasar Mangawa da Badawa ce, amma Hausa ta zama harshen kasuwa a cikinta, musamman bayan isar jirgin ƙasa Nguru daga Kano a 1930.

A zamanin En'e, Nguru tana ƙarƙashin Shehun Borno, Gashuwa kuwa ƙarƙashin Mai Bade. Jami'in En'e shi ne ɗan doka, na gwamnati kuma ɗan sanda. An jingina na farko ga abin da yake tsarewa, na biyu ga abin da yake riƙewa, kuma kowanne ana shaida shi da kayan sarki. Bayan juyin mulkin 1966 aka rushe 'yan doka, aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya.

To amma a cikin rundunar akwai sashe na musamman mai sa ido a kan 'yan siyasa da ƙungiyoyin ƙwadago. Jami'ansa ba su da sanda, ba su sa kayan sarki, saboda haka tsohon ma'aunin raɗa suna ya gaza. Sai aka ce 'yan sandan ciki, ko 'yan ciki a taƙaice. Kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 ya sa aka raba wannan aiki da rundunar, aka kafa hukumar NSO. A 1986 gwamnatin Babangida ta kasa ta uku, SSS ta gaji leƙen asirin cikin gida. Kurkukun Gashuwa, inda aka tsare Gani Fawehinmi a 1989, ya shahara a wannan zamani na tsare mutum ba tare da shari'a ba.

Sunan da ya zauna shi ne 'yan sandan farin kaya. A nan "fari" ba launi yake nufi ba. Ma'anarsa ita ce ta "farar hula", wato wanda ba ya cikin damara. Abin lura kuma, har yau Bahaushe yana kiran su 'yan sanda, alhali hukumar tasu ta bar rundunar tun 1976.