Dokin Tsalle: A Duba Ƙafa Kafin Launi

Mai sayen doki a Minna yakan fara da launi, kili ko akawal, domin hawan Salla ke ransa. Tsallake shinge kuwa aikin ƙafa ne: in doki ya dira, nauyinsa duka kan ƙafafun gaba yake sauka, shi ya sa kofato da gwiwa suka fi gashi muhimmanci. A duba haƙora ma don sanin shekarunsa, domin wanda bai kai shekara 4 ba ƙashinsa bai ƙosa ba. Wasu za su ce dokin Ajantina ya fi. Amma don ƙwallon dawaki aka horar da shi, kuma cutar dawakin Afirka ta fi kayar da baƙon doki. Kada a biya kuɗi sai likitan dabbobi ya ga tafiyarsa.