Sunan ƙasa a kasuwar tallan intanet: abin da lamarin "419" na Nijeriya yake koya mana

1. Gabatarwa

A fadojin matasa na Damagaram da Maraɗi, da ma tsakanin ɗalibai a Yamai, akwai gardamar da ke yawan tasowa idan aka taɓo zancen zambar intanet da baƙin jinin da ta jawo wa Nijeriya. Wasu suna cewa laifin fasaha ne, domin kafin zuwan intanet ba a san wannan abu ba. Wasu suna cewa ƙasashen Turai da kamfanoninsu ne suke ɓata sunan baƙar fata da gangan. Wasu kuma suna cewa ƴan ƙasar ne suka jawo wa kansu, kuma da gwamnati za ta zuba kuɗi a talla da sunan ya gyaru.

A cikin wannan maƙala za mu auna waɗannan ra'ayoyi guda uku. Abin da muke so mu nuna shi ne, a intanet sunan ƙasa ya zama wata alama da ake tace mutane da ita, kuma ake yanka musu farashi da ita. Saboda haka talla ba ta iya sayo sunan da ya ɓaci. Mun zaɓi Nijeriya domin lamarinta ne aka fi yin bincike a kai, kuma domin ya shafe mu: iyakarmu da ita ta kai kimanin kilomita 1500, kuma a Faransanci harafi ɗaya ne ya raba "Nigérien" da "Nigérian".

2. Shin fasaha ce ta haifi zambar?

Lambar 419 ta samo asali daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuffuka na Nijeriya, wanda ya shafi karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Yadda zambar take mai sauƙi ne. Ana rubuto wa mutum cewa akwai wata dukiya mai yawa da ta maƙale, ana buƙatar taimakonsa a fitar da ita, za a ba shi kaso. Sai a nemi ya fara biyan wani ɗan kuɗi na takardu ko na haraji. In ya biya, sai wata buƙata ta sake tasowa, har abin hannunsa ya ƙare.

Wannan dabara ta girmi intanet, ta kuma girmi Nijeriya kanta. A Faransa, tun ƙarshen ƙarni na 18, fursunoni suna aika abin da aka kira "wasiƙun Ƙudus", inda suke iƙirarin sun ɓoye wata taska. Vidocq ya bayyana yadda ake yinsu a shekarun 1830. A ƙarni na 19 kuma an san zambar "fursunan Sifen" a Ingila da Amurka. A Nijeriya abin ya bunƙasa a shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin man fetur, kuma ta gidan waya da na'urar fakis ake yinsa. Babbar zambar da aka fi sani, wadda Emmanuel Nwude ya yi wa bankin Noroeste na Barazil, ta dalar Amurka miliyan 242, ta faru ne tsakanin 1995 da 1998, lokacin da intanet bai yaɗu a Afirka ta Yamma ba.

Ke nan fasaha ba ita ta ƙirƙiro zambar ba. Abin da ta yi shi ne karya farashin isar da saƙo. Wasiƙa tana buƙatar ambulan da kan sarki. Saƙon imel kuwa, ko dubu ɗari ne, kusan kyauta yake tafiya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Legas ba sai suka fara ganinsa a akwatin saƙonsu, kuma kullum tare da ƙarya.

3. Suna a matsayin rariya

A 2012 wani mai bincike na kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi wata tambaya mai ma'ana: tun da duniya ta san labarin, me ya sa mazambata suke ci gaba da cewa daga Nijeriya suke? Amsarsa ta lissafi ce. Aika saƙo ba ya cin kuɗi, amma bin wanda ya amsa yana cin lokaci: a yi masa tarho, a haɗa masa takardun jabu, a lallashe shi makonni. Duk wanda ya amsa sannan ya farga daga baya, asara ce ga mazambaci. To ambaton Nijeriya yana korar duk mai wayo tun daga farko, ya bar waɗanda ba su taɓa jin labarin ba, wato waɗanda suka fi yiwuwa su biya.

Idan wannan bayani ya tabbata, abubuwa biyu suna fitowa. Na farko, ɓacin sunan ƙasar yana da amfani ga mazambaci, don haka ba shi da dalilin daina ambatonsa. Na biyu, ba sai mutum yana ɗan Nijeriya ba kafin ya yi amfani da sunan. Kowa a ko'ina yana iya aro shi.

Wannan ba ya nufin ƴan ƙasar ba su da hannu. An kama Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, a Dubai a 2020, kuma wata kotun Amurka ta ɗaure shi fiye da shekara 11 a 2022. A Yuli 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda damfara ta hanyar barazanar fallasa hotunan tsiraici. Amma a wani jerin ƙasashe da masu bincike na jami'ar Oksfod da abokan aikinsu suka fitar a 2024, bisa ra'ayin ƙwararru kan laifuffukan intanet, Nijeriya ta zo ta biyar, bayan Rasha, Yukren, Sin da Amurka. Laifin na nan da gaske, sai dai girman baƙin jinin ya wuce girman laifin.

4. Yadda kasuwar talla take aiki

Don a gane dalilin da suna yake manne wa ƙasa haka, sai a dubi yadda ake samun kuɗi a intanet. Tallar farko mai kama da allo ta bayyana a shafin HotWired a 1994. Google ya fara sayar da talla a 2000, kuma daga 2002 ya koma tsarin gwanjo, inda mai talla yake biya idan an latsa tallarsa. A 2023 kuɗin da Google ya samu daga talla sun haura miliyar 230 na dalar Amurka, na Meta kuma sun haura miliyar 130.

A wannan tsari, duk sa'ad da mutum ya buɗe shafi, ana yin gwanjon idonsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Mai talla yana zaɓar ƙasar da yake so, da shekarun masu kallo, da kalmomin da suke nema. Yana kuma iya cire ƙasashen da ba ya so, da kalmomin da ba ya son tallarsa ta fito kusa da su. Daga nan abubuwa uku suke biyowa.

4.1. Farashin mai kallo ya danganta da ƙasarsa. Idon mutumin Faransa ya fi na mutumin Tawa tsada, domin masu talla suna tsammanin ya fi kuɗin saye. Saboda haka mai rubuta labari a kan Afirka yana cin riba ne idan ya burge mai karatu na Turai ko Amurka.

4.2. Shafin da ke rayuwa da talla yana neman abin da za a latsa. Labarin da ya dace da abin da mai karatu ya riga ya yi imani da shi ya fi samun latsawa. Na'urar bincike kuma tana koyo daga abin da aka latsa, ta ƙara tura shi gaba. Ta haka kalmomi biyu da suka saba haɗuwa suke ƙara mannewa, ba tare da wani ya zauna ya ƙulla hakan ba.

4.3. Kamfanoni suna rage haɗari ta hanyar rufe ƙofa ga ƙasa ɗungurungum, domin ya fi sauƙi a kan bincikar mutum ɗaya-ɗaya. Sai a 2014 ne PayPal ya buɗe wa ƴan Nijeriya, kuma a lokacin don su biya kuɗi ne kawai, ba don su karɓa ba. Wanda wannan ya fi cutarwa shi ne ɗan kasuwa mai gaskiya da ke son sayar da hajarsa a waje.

Daɗin daɗawa, masu dandalin ba ƴan kallo ba ne. A Nuwamba 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa wasu takardun cikin gida na Meta sun kimanta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa na 2024 za su fito ne daga tallan zamba da na haramtattun kaya. Meta ya ce ƙiyasin ya yi faɗi da yawa. Ko ma dai yaya ne, masu ra'ayi na biyu suna da gaskiya cewa tsarin ba adali ba ne. Inda suka kuskure shi ne ɗaukarsa a matsayin makirci. Neman riba kaɗai ya isa ya samar da wannan sakamako.

5. Shin talla tana gyara suna?

Nijeriya ta gwada. A shekarun 1990 Babban Bankinta ya sayi fili a jaridun ƙasashen waje yana gargaɗin mutane game da 419. A zamanin Shugaba Obasanjo an yi yekuwar "Zuciyar Afirka". A Maris 2009 ministar yaɗa labarai, Dora Akunyili, ta ƙaddamar da wata sabuwa mai taken mutanen kirki, babbar ƙasa.

Bayan ƴan watanni, a cikin wannan shekarar, kamfanin Sony ya fitar da tallar na'urar wasa ta PlayStation 3, inda wani yake barkwanci cewa in da duk abin da ke intanet gaskiya ne, da tuni ya zama attajirin Nijeriya. Gwamnati ta nemi a ba ta haƙuri, Sony ya bayar, ya kuma sauya jimlar. Abin lura a nan shi ne, mai tallar bai buƙaci ya yi wa kowa bayanin barkwancin ba. Ya tarar da ra'ayin a kan masu kallo, ya hau kansa. Jimla ɗaya ta isa ta tuna musu abin da suka sani, alhali yekuwar gwamnati tana ƙoƙarin koya musu abin da ba su yarda da shi ba.

Simon Anholt, Baturen Ingila da ya fito da batun tallata sunan ƙasa a 1996, ya kuma kafa ma'aunin martabar ƙasashe a 2005, shi da kansa ya dawo yana jaddada cewa ana auna ƙasa da abin da take aikatawa, ba da abin da take faɗa a kan kanta ba. Tarihin Nijeriya ya goyi bayan wannan. Abubuwan da suka ƙara mata ƙima ayyuka ne: kafa hukumar EFCC a 2003, wadda ta kai ga ɗaure Nwude a 2005, shawo kan cutar Ebola, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ranar 20 ga Oktoba 2014, sayen kamfanin biyan kuɗi na Paystack da kamfanin Stripe na Amurka ya yi a 2020, kyautar Grammy da Burna Boy ya samu a 2021, da finafinan Nollywood da suka game Afirka. Waɗannan ba su goge 419 ba, amma sun ƙara wasu kalmomi kusa da sunan ƙasar, har ta daina zama abu ɗaya tak a idon baƙo. Kodibuwa ma, da zambar samarin da ake kira "burutar" ta ɓata mata suna a ƙasashe masu amfani da Faransanci, hanyar hukunci ta bi, inda ta kafa sashe na musamman na yaƙi da laifuffukan intanet.

6. Abin da ya shafi Nijar

Matsalar Nijar ba irin ta maƙwabciyarta ba ce. Nijeriya tana fama da suna mai nauyi, mu kuwa muna fama da ƙarancin abin da aka rubuta a kanmu. Inda rubutu ya yi kaɗan, ƴan kalmomin da kafofin waje suka saba haɗawa da ƙasar, wato fari, yuraniyom, bakin haure da juyin mulki, su ne suke cika gurbin. Wani lokaci ma sunan maƙwabciya ne yake cikawa. A ce maƙerin azurfa na Agadas yana son sayar da kayansa ga wata mata a Kanada: in ta rikita ƙasashen biyu, ko kamfanin biyan kuɗi ya sa yankin duka a aji ɗaya, to zai biya bashin da bai ci ba.

Nijar ta yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet a 2019. Doka tana iya hukunta mazambaci, amma ba ta cika gurbin rubutu. Wannan aikin malamai ne da ɗalibai. Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihi na duniya na UNESCO a 2013. Abin tambaya shi ne, shafi nawa ƴan ƙasa suka rubuta a kansa da Hausa, ko Tamashek, ko Faransanci, wanda mai bincike zai iya samu? Kundayen digiri da ke kwance a kabad ba sa shiga na'urar bincike.

7. Kammalawa

Kowanne daga ra'ayoyi ukun da muka fara da su yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya. Fasaha ta arahantar da zamba, ba ta haife ta ba. Kasuwar talla tana ƙarfafa ra'ayin da ta tarar, kuma tana cin riba da shi. Ƴan ƙasa suna da alhaki, amma gyaran yana zuwa ta hukunci, da aiki, da yawan rubutu na gaskiya, ba ta sayen fili ba. Binciken da ya rage, wanda ɗaliban sashenmu za su iya yi da kayan aiki kaɗan, shi ne a tattara kalmomin da ke rakiyar sunan Nijar a kanun labarai na Hausa, Faransanci da Ingilishi cikin shekara guda, a kwatanta su, a ga inda harsunan suka haɗu da inda suka rabu.